"Tidy Up" ko "Clean Up": Wanne Za Ka Ce Idan Ɗaki Ya Hargitse?

Wata ƙanwata da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ta kira ni wani dare, muryarta tsakanin dariya da takaici. Makonta biyu ke nan da fara aikin. An tura ta gidan wata tsohuwa, aka ce minti 45 za ta yi. Ta ba ta magani, ta haɗa mata shayi, sai tsohuwar ta ce, *Could you tidy up the kitchen a bit, love?* Ita kuwa tarbiyyar gidanmu ce a jikinta, inda in babba ya ce a gyara wuri ba a tambayarsa iyakar gyaran. Ta naɗe hannun riga, ta tari ruwa a bokiti, ta wanke murhu, ta goge bango, ta durƙusa tana dirzar ƙasa. Lokaci ya cika, ana jiranta a gida na gaba. Da tsohuwar ta leƙo sai ta tarar da ƙasa jiƙe sharkaf, amma kofuna da jaridu da kwalin biskit ɗin da suka dame ta suna nan a kan tebur, an dai tura su gefe guda don a goge ƙarƙashinsu.

"Yaya, ni fa na ɗauka cewa take yi kicin ɗinta ya yi datti," in ji ta. "To yanzu in ni zan yi wa wani magana, wanne zan ce, *tidy up* ko *clean up*? Ba duk gyara ba ne?"

Laifin ba nata ba ne, na kalmar gyara ne. Kalma ce mai babbar riga. Da ita muke gyaran ɗaki, da ita muke gyaran mota, da ita muke gyaran hali da gyaran murya, kai har ɗan ƙarin da mai tumatir ke jefa maka a leda gyara ne. Wanda ya zuba *tidy up* da *clean up* a cikin wannan riga guda ba zai taɓa ganin inda suka rabu ba. Amma in aka ajiye gyara a gefe, Hausa na da wasu kalmomi biyu da suka dace da su kamar an auna: kintsawa da tsaftacewa. *Tidy up* kintsawa ce, mayar da kowane abu mazauninsa. *Clean up* tsaftacewa ce, raba wuri da datti.

Ɗauki ɗakuna biyu. Na farko ɗakin ɗalibi ne a lokacin jarrabawa. Da asuba ya share shi, ya goge ledar ƙasa, babu ƙura ko ɗigo. Amma littattafai sun cika katifa, takalmi ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙarƙashin kujera, wayar caja ta naɗe da carbi, kayan da aka karɓo daga wurin mai guga suna kan tebur tun shekaranjiya. Ɗakin nan fes yake, amma a hargitse. Bature zai ce *clean but untidy*, kuma abin da yake bukata shi ne *tidy up*. Na biyu ɗakin amarya ne da aka kulle aka yi tafiya wata biyu a tsakiyar hunturu. Jere na nan yadda dangi suka yi shi, kowane kwano a inda aka ɗora shi, gado a shimfiɗe, labule a sake. Sai dai ƙurar da ta sauka a kan madubi ta isa ka rubuta sunanka da yatsa. Wannan a kintse yake, babu abin da za a mayar ko'ina. Tsumma da ruwa yake so. Nan ne *clean* ke aiki.

Akwai gwaji mai sauƙi da na ba ta a daren. Tambayi kanki, wannan aikin yana bukatar tsintsiya, ruwa, sabulu ko tsumma? In yana bukata, *clean* ne. In hannu kawai yake so da sanin inda kowane abu ke zama, *tidy* ne. Wani gwajin da na fi so kuma shi ne na baƙo. Baƙon da bai taɓa shiga gidanka ba zai iya tsaftace maka shi tas, domin datti ko'ina datti ne. Amma ba zai iya kintsa maka shi ba sai ya tambaya, don bai san ko almakashi a durowa yake kwana ko a bayan rediyo ba. Shi ya sa mai gida kan dawo ya tarar an yi masa gyara, ya kwana uku yana neman takardar asibiti.

'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci ba su cika faɗawa wannan rami ba, saboda an riga an raba musu *ranger* da *nettoyer* tun a firamare. Haka wanda ya yi Larabci ya san tartibi daban, nazafa daban. Mu da muka koyi Turanci ta hanyar fassara kalma da kalma ne abin ya fi cakuɗe mana.

Asalin kalmar *tidy* ma yana taimakawa wajen riƙe ma'anarta. Ba ta da dangantaka da wanki ko shara ko kaɗan. Daga tsohuwar kalmar Ingilishi *tid* ta fito, wadda ke nufin lokaci, 'yar'uwar *Zeit* ta Jamusanci. Ita ce dai ta zama *tide*, cikowa da janyewar teku, tunda shi ma a kan lokaci yake zuwa. A ƙarni na 13 da na 14 in an ce abu *tidy* ne, ana nufin ya zo a kan kari, ya yi kyau, kamar amfanin gona da ya nuna a lokacinsa. Sai wajen farkon ƙarni na 18 ma'anar ta gangaro kan abin da ke zaune daidai a muhallinsa. Daga abin da ya zo a lokacin da ya dace, zuwa abin da ke wurin da ya dace. *Clean* kuwa tun a tsohon Ingilishi tana nufin abin da ba shi da gauraye, marar dauɗa, kuma ba ta yi nisa da gida ba har yau.

Da a nan maganar ta tsaya, da an huta. Amma Turanci ba na gari ɗaya ba ne.

Rabuwar nan da na zayyana ta fi ƙarfi a bakin mutanen Birtaniya da Ayalan da Ostareliya. A Amurka *clean up* ta haɗiye rabin aikin 'yar'uwarta. Uwa Ba'amurkiya in ta ce wa ɗanta *clean your room*, yawanci ba mofa take so ya ɗauko ba, so take ya kwashe kayan wasa daga ƙasa, ya zuba tufafi masu datti a kwando, ya gyara gado. Abin da uwa 'yar Ingila za ta ce *tidy your room* ke nan. Ba wai Amurkawa ba su san *tidy up* ba. Sun sani, suna ma faɗa, amma a kunnensu tana da ɗan ƙamshin maganar kaka ko ta mutumin Landan. Abin da ya fi zuwa bakinsu shi ne *straighten up*, ko kuma *pick up*. Wannan ta biyun na ba ni dariya har gobe. *Pick up your room*, in ka bi ta kalma da kalma, cewa aka yi ka ɗauki ɗakinka. Nufinsu ka tsince abin da ke warwatse a cikinsa.

Kalmar *tidying* ta ɗan yi kasuwa a Amurka bayan an fassara littafin Marie Kondo 'yar Japan kan kintsa gida zuwa Turanci a 2014, sannan Netflix ta yi shiri da ita a 2019. Sai dai abin da take koyarwa ya wuce mayar da kaya mazauninsu, ya haɗa da rabuwa da tarkacen da ba ka bukata, wanda Turawa ke da wata kalmar dominsa, *declutter*. In kana nufin fitar da komatsan da suka shekara goma a saman sif, ita ce kalmarka, ko kuma *clear out*.

Mu kuma a Najeriya mun ƙera tamu. Da wuya ka ji uwa a Kaduna ko Jos ta ce *tidy up*, ko da Turanci take yi wa yaran. *Go and arrange your room* za ta ce, bayan an ci abinci kuma *pack the plates*. A nan gida babu wanda zai tsaya tambaya, kuma ban ga dalilin da zai sa a riƙa yi wa mutane gorin Turancin da ke biya musu bukata ba. Matsalar sai an tsallaka. Mutumin Ingila in ya ji *arrange the room*, hankalinsa na tafiya kan jera kujeru da tebura kamar za a yi taro. In ya ji *pack the plates*, sai ya ga kwali da igiya, kamar za a tashi daga gidan. Shi *clear the table* yake cewa. Haka alƙalamin mai duba jarrabawar WAEC, wanda ya fi karkata ga Turancin Birtaniya, ba lallai ya yi wa *arrange your room* sassauci ba.

Wani abin da ke raba kalmomin biyu, kuma wannan ya shafi kowace ƙasa, shi ne girman ɓarnar. *Tidy up* ƙaramar kalma ce, ta cikin gida, ta minti biyar kafin baƙi su iso. *Clean up* na iya ɗaukar kaya komai nauyinsa. Lokacin da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan gurɓatar ƙasar Ogoni da ɗanyen mai a 2011, ta ce aikin farfaɗo da yankin na iya cin shekara 25 zuwa 30. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin a 2016, sunan da jaridu suka kira shi da shi *Ogoni clean-up*. Da wani zai rubuta *Ogoni tidy-up*, da mutanen yankin sun ɗauke shi a matsayin izgili, kamar a ce wa wanda gobara ta cinye wa gida ya ɗan karkaɗe toka. Haka bayan ambaliya, bayan haɗarin tankar mai, bayan an watse daga filin Idi ko gangamin siyasa, duk *clean up* ne. A Ostareliya wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Ian Kiernan ya gaji da ganin shara a teku, ya tara mutane kimanin 40,000 suka kwashe dattin gaɓar Sidni a 1989, shekara guda bayan haka abin ya zama na ƙasa baki ɗaya da sunan *Clean Up Australia*. Tsaftar muhallin da muke yi ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo tushe daga yaƙi da rashin ɗa'a na zamanin Buhari da Idiagbon a 1984 da 1985, ita ma nan ta faɗa. Yashe kwata da kwashe bola ba kintsawa ba ne. Duba-gari ba ya zuwa don ya ga ko an jera takalma.

Amma ga wani abu da zai iya rikita wanda ya riƙe ƙa'idar da ƙarfi. Babbar ƙungiyar da ke yaƙi da zubar da shara a titi a Ingila sunanta *Keep Britain Tidy*, kuma ta samo asali ne daga wani ƙuduri da wata ƙungiyar mata ta ƙasar ta zartar a 1954. A Ayalan ma tun 1958 ake gasar garuruwa mai suna *TidyTowns*. To ina tsintsiya ta shiga kintsawa? Amsar tana cikin yadda suke kallon abin. Ledar biskit ko gwangwanin lemo da aka yar a bakin hanya, a wurinsu abu ne da ya bar mazauninsa, wato kwandon shara. Hannu kawai ake bukata a mayar da shi. Ba a ce ƙasar ta yi ƙazanta ba, an ce dai kada a bar ta a warwatse. Da ladabi aka zaɓi kalmar, kuma wannan ladabin shi ne abin da na fi so mai koyo ya lura da shi, fiye da duk wata ƙa'idar nahawu.

Mu mukan ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gaskiya ne, amma ya danganta da bakin da aka faɗe shi. In kana zaune ɗaki ɗaya da wani a jami'a a Ingila ko Maleshiya, ka dube shi ka ce *you need to clean up your side*, abin da ya shiga kunnensa shi ne kai ƙazami ne. In ka ce *could you tidy up your side a bit*, abin da ya ji shi ne kayanka sun ɗan bazu. Na farko ya taɓa mutuncinsa, na biyu ya taɓa jadawalinsa ne kawai. Kowa na yarda cewa ya yi sakaci da kaya saboda aiki ya yi masa yawa, amma ba kowa ke yarda a kira shi mai dauɗa ba. A Hausa ma haka ne. Ka ce wa matar wanka "a ɗan kintsa falon, baƙi na tafe", ka ga ta yi murmushi. Ka ce mata "a tsaftace falon nan", ka ga yadda za a kwana.

Haka abin yake in ana maganar jikin mutum. *Tidy yourself up* na nufin ka gyara zaman hula, ka ɓalla maɓalli, ka taje kai, daidai da "bari in kintsa" da muke cewa kafin mu fito. *Clean yourself up* ana faɗa wa wanda ya faɗa taɓo, ko jini ya ɓata masa riga, ko ya yi amai. Wani lokaci ma ana faɗa wa mashayi ne, ana nufin ya daina. Kada ka kuskura ka faɗa wa abokin aikinka wannan don kawai kwalar rigarsa ta karkace.

Saboda haka in kai ne mai roƙo, kuma wurin na wani ne, *tidy up* ta fi aminci ko a wace ƙasa kake. Ba'amurke zai gane, ɗan Ingila zai ji daɗi. Amma in kai ne aka roƙa, sai ka buɗe ido, domin mutanen Ingila sun shahara da rage wa magana nauyi. Wani zai ce *it needs a bit of a tidy* alhali wurin kamar an yi dambe a cikinsa, maiƙo har bango. Ladabi ne ya hana shi kiran abin da sunansa. Inda ba a wannan kara shi ne a takarda. Yarjejeniyar haya a Birtaniya in ta ce a bar gida *clean* ranar tashi, to wanki take nufi na gaske, har cikin murhun gashi da bayan firji, kuma rashin yin hakan na daga cikin manyan dalilan da ke sa mai gida ya zaftare kuɗin ajiya. Ɗalibai da yawa sun kwashe kayansu, sun jera kujeru tsaf, sun miƙa makulli suna ganin sun gama, daga baya lissafi ya biyo su.

Akwai ta uku da ke raɓe a tsakaninsu, *clear up*, wadda kunnen Bahaushe kan haɗa ta da *clean up* saboda harafi ɗaya ne ya raba su. Mun ma daɗe da aro ta ba mu sani ba. Direba in ya yi kiliya, *clear* ce, ya kauce ya bar hanya a buɗe. Ma'anar ke nan, kwashewa don wuri ya zama fili. Bayan walima, in an tattara faranti da kofuna da ragowar abinci, ɗan Ingila zai ce *let's clear up*. Ba a mayar da komai mazauninsa ba tukuna, ba a kuma wanke komai ba, an dai kau da su daga ido. Sai dai wannan kalma ta fi yawo a wajen ɗaki. Hadari in ya washe, *the weather cleared up*. Ƙuraje in sun baje, *the rash cleared up*. Rashin fahimta in an warware shi, *we cleared it up*. A waɗannan wurare ukun ba a sa *tidy* ko *clean*. Na taɓa ganin wasiƙar wani ma'aikaci da ya rubuta wa shugabansa cewa yana so su zauna *to clean up the misunderstanding*. An gane shi, amma sai ya zama kamar ya ce za su sa wa saɓanin sabulu.

Ita kuma *up* ɗin nan da ke maƙale a bayansu fa, me take yi? Ɗalibai kan tambaye ni ina saman yake, tunda ba a ɗaga komai ba. Babu sama a ciki. Aikin da take yi shi ne wanda Hausa ke yi da sauya ƙarshen fi'ili. Dubi ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Yaro ya sha kunu, wataƙila ya rage. Yaro ya shanye kunu, kofi ya zama wayam. Haka *eat* da *eat up*, *drink* da *drink up*. To *up* a cikin *tidy up* da *clean up* ma ƙarasawa take nunawa, a yi aikin har ya kai ƙarshe. Shi ya sa ake ɗan jin bambanci tsakanin *clean the kitchen*, wanda shi ne wankin yau da kullum, da *clean up the kitchen*, wanda ke nuna akwai wata ɓarna takamaimai da aka yi, kamar miya ta zube ko yara sun yi kwaɓin fulawa, ana so a kawar da ita gaba ɗaya. A wajen *tidy* bambancin bai kai haka ba. *Tidy your desk* da *tidy up your desk* kusan abu guda ne.

Ƙa'ida ɗaya ce a nan ba ta da sassauci. Kana iya cewa *tidy up the room* ko *tidy the room up*, duk daidai ne. Amma da zarar ka maye sunan da *it* ko *them*, dole ya shiga tsakiya: *tidy it up*, *clean them up*. *Tidy up it* kuskure ne a kowace ƙasa. In za ka rubuta abin da ya wuce, *y* na komawa *i*, ya zama *tidied*. In kuma ka ƙara *after*, ma'anar ta koma bin bayan wani kana kwashe abin da ya bari. *Clean up after yourself* ita ce takardar da ake mannawa a kicin ɗin ofis, *clean up after your dog* kuma allon da ke wuraren shaƙatawa a Turai, inda ake cin tarar wanda ya bar kashin karensa. Uwar da ta gaji kuma, *I'm tired of tidying up after you* take cewa.

In aka fita daga gida aka shiga kasuwa da ofis, kalmomin na ƙara nisa da juna, kuma nan ne kuskure ke da tsada. Shugabanka in ya miƙo maka rahoto ya ce *just tidy it up*, yana nufin aikin ya yi, a dai daidaita sakin layi, a gyara waƙafi, a cire maimaici. Kada ka sake rubuta shi. In sabon gwamna ya ce zai yi *clean up* a wata ma'aikata, to wasu za su rasa kujerunsu, domin datti a nan cin hanci ne. *Clean up your act* gargaɗi ne, ka shiryu ko ka gamu da hukunci. In aka ce ɗan kasuwa *cleaned up*, ba shara ya yi ba, ya kwashi riba ce mai yawa. In kuma shi ya ce *they cleaned me out*, to an yi masa ƙarƙaf, ko ɓarayi ko 'yan caca. Ita ma *tidy* na da nata. *A tidy sum* kuɗi ne masu kauri, ragowar tsohuwar ma'anar nan ta abin da ya yi kyau ya kai. A yankin Wales kuwa in an ce mutum *tidy* ne, ana nufin mutumin kirki, kusan abin da muke nufi da kintsattse. A wajen Wales kada ka dogara da wannan, za a ɗauka kana yabon yadda yake jera takalmansa ne.

To wanne za a zaɓa? Ni dai ga yadda nake yi. In ina rubutu don jarrabawa, ko ina magana da wanda ya tashi da Turancin Birtaniya, ina raba su kamar yadda nake raba kintsawa da tsaftacewa, ba na bari ɗaya ta shiga gonar ɗaya. In da Ba'amurke nake, na san *clean up* ɗinsa na iya zama kowanne, don haka sai in dubi ɗakin maimakon in dubi kalmar. In zan roƙi wani ya gyara wurinsa, *tidy up* nake cewa ko da na ga ƙura, sai fa in ƙurar ce ainihin abin da ya dame ni, to nan gara in ambaci aikin da sunansa, in ce *wipe the table* ko *mop the floor*, ya fi in jefe shi da *clean*. In kuma dole ne mutum ya riƙe guda ɗaya tak saboda Turancinsa bai yi nisa ba, to ya riƙe *clean up*. Ta fi faɗi, ana jin ta daga Legas har Toronto, kuma wanda ya yi kuskure da ita yawanci aiki ya ƙara wa kansa, bai rage ba. Sai dai ya san cewa ranar da zai faɗa wa surukarsa Baturiya ita game da falonta, shi kaɗai zai ɗauki abin da ya biyo baya.

Ga mai aiki irin na ƙanwata, wanda ake auna masa lokaci da minti, jimla ɗaya ta fi duk wannan bayani amfani: *Do you want me to clean it, or just put things away?* Babu tsohuwar da za ta ji haushin wannan tambaya. Na kuma ja mata kunne kan wata da ke jiranta a gaba, *wash up*. A Ingila wanke-wanke ne, kwanuka da tukwane. A Amurka wanke hannu da fuska ne kafin a zauna cin abinci. In jikan tsohuwar ya zo hutu daga Shikago ya ce *I'll go wash up*, kada ta miƙa masa soso.